Jarumar katun ɗina tana sauya kama da zarar ta fara tafiya

'Yar Jidda:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Ɗaliba ce ni, ina koyon zanen katun, kuma aikin ƙarshen zango shi ne gajeren fim na minti 3. Jarumar yarinya ce 'yar shekara tara, da kitso, da atamfa mai furanni, da mayafi. In na zana ta a tsaye tana kyau. Da ta fara tafiya sai kai ya ƙara girma, fuska ta koma ta wata yarinyar, ƙafa kuma tana sulɓi a ƙasa. Da manhajar zane ta Krita nake aiki, a laftof mai ram 8 da ƙaramin allon zane marar gilashi. Saura wata huɗu. Hannu ne bai faɗa ba tukuna, ko manhajar zan sauya?

Malam Mai Tawada:
Wa alaikumus salam 'yata. Ki bar manhajar nan, ba ta da laifi. Mu fara da lissafi. Fim yana tafiya a kan firem 24, wato hotuna 24 a jere, a daƙiƙa ɗaya. In kowane zane zai tsaya firem biyu, kamar yadda aka saba a zanen hannu, zane 12 ke nan a daƙiƙa. Minti 3 daƙiƙa 180 ne, wato zane 2,160. Ko da minti 20 kacal kowane zane zai ci, daga zayyana zuwa gyaran layi zuwa launi, awa 720 ake magana. A wata huɗu, awa shida kowace rana ba hutun Juma'a, kuma ba a taɓa bango ko sauti ba tukuna.

To yanzu ki sake duban yarinyar. Furen atamfa nawa ne a jikinta? Layin kitso nawa ne a kanta? Duk abin da kika ɗora mata, sau dubu biyu za ki zana shi. Abin da kika yi hoton littafi ne, wanda ake zanawa sau ɗaya a ƙawata shi. Jarumin katun kuwa da ƙwauron layi ake gina shi. Kitso ya koma layi uku ko huɗu manya. Atamfa ta koma launi ɗaya, da fure babba guda biyu a wurin da ba ya lanƙwasa sosai, ko ratsi ɗaya a bakin zani. Mai kallo zai gane atamfa ce.

Ɗan Misfala:
Maganar Malam haka take, amma ko ta rage kwalliyar kan zai ci gaba da girma in babu takardar awo. Ƙanwata, ki ware fayil ɗaya ki zana yarinyar ta fuska huɗu a jere: gaba, karkace, gefe, baya. Ki ja layuka a kwance su ratsa dukkansu: ƙololuwar kai, ido, haɓa, kafaɗa, ƙugu, gwiwa, tafin ƙafa. Da kai ake awon jiki. Babban mutum tsawonsa kai bakwai da rabi ne zuwa takwas. Yarinyarki a katun ki ba ta kai huɗu zuwa biyar. Ki zaɓi ɗaya ki rubuta a jikin takardar, shi ke nan an rufe magana.

Abin da ke sa fuska ta sauya shi ne kina zana ta daga waje, kina bin layin kunci da haɓa. Ki fara daga ciki. Ƙwallo, sai layi ɗaya da ya zagaye ta a tsaye ta tsakiyar fuska, ɗaya a kwance a inda ido zai zauna, sai muƙamuƙi a maƙale a ƙasa. In kai ya juya, waɗannan layukan biyu ne ke juyawa, ido da hanci suna bin su. Ki kwafi ƙwallon nan ki ajiye a wata leya daban, wato shimfiɗar zane da ake hango ta ƙasa ta cikinta, kina ɗora ta a kan kowane babban zane kina gwadawa. Kada ki auna zane na goma da na tara. Kuskuren da ido ba ya gani tsakanin zane biyu yana taruwa, kafin ki kai na talatin kan ya zama tulu. Kullum da takardar awo ake aunawa.

'Yar Jidda:
Na gode Malam, na gode Yaya. Ni dai a jere nake zanawa, na ɗaya, na biyu, na uku, ina kunna inuwar zanen baya ina bi.

Ɗan Misfala:
To ga ciwon nan. Zanen jere yana da amfani ga wuta, hayaƙi, ruwa, jelar mayafi. Ga jikin mutum, sai an kafa ginshiƙai tukuna: zanen farkon motsi da na ƙarshensa, duka a auna su da takarda. Sai na tsakiya, wanda shi ke nuna hanyar da hannu ko kai ya bi. Daga nan a cike gibi. Ta haka kowane zane yana tsakanin biyu da aka riga aka tabbatar.

Abu Sikirin:
Ni ina ganin kuna wahalar da yarinyar nan. Wata huɗu ne fa. Ta zana jarumar sau ɗaya, ta yanka ta gaɓa-gaɓa, damtse daban, hannu daban, cinya daban, ta sa mata ƙasusuwa a Blender ko OpenToonz, duka kyauta ne. Kai ba zai taɓa girma ba tunda zane ɗaya ne ake juyawa, furannin atamfa ma su zauna abinsu. Katun ɗin talabijin da yawa haka ake yin su, ba wanda ke zana dubu biyu da hannu.

Malam Mai Tawada:
Abu Sikirin, hanyar yanka tana aiki, ban musa ba. Amma ka faɗa mata kuɗinta. Haɗa ƙasusuwa fanni ne mai zaman kansa. Gwiwar hannu sai an zana ta da zagaye mai shiga cikin damtse, in ba haka ba tana lanƙwasawa rami ya buɗe. Hannu sai an tanadi siffofi kamar goma ana sauyawa. Juya kai daga gaba zuwa gefe sai an sake gina fuskar sau uku ko fiye. Wanda bai taɓa yi ba wata guda zai tafi kafin ya motsa yatsa. Kuma wanda bai san tazarar da ke tsakanin zane da zane da lokacin motsi ba, in ka ba shi ƙasusuwa kwamfuta ce za ta cike masa tsakani daidai wa daida, motsin ya fito sumul ba nauyi, kamar ana jan kwali a kan tebur.

Abu Sikirin:
Tazara ana gyara ta a jadawalin lanƙwasa, inda manhaja ke nuna saurin motsi, Malam. Ba sai da fensir ake koyon nauyi ba.

Malam Mai Tawada:
Ana gyarawa, ga wanda ya san abin da yake nema. Ita tambayarta ta nuna ba ta kai nan ba.

Anti Mai Launi:
Ku bari in raba ku. Dukkanku kun yarda minti 3 na cikakken motsi ba zai yiwu ba. To ba dole ne kowace daƙiƙa ta motsa ba. Katun ɗin Japan da yaranmu suka tashi da shi a tashoshin Larabawa, sau da yawa zane 8 ne a daƙiƙa, wani wurin ma jiki a tsaye yake cak, baki kawai ke motsi, ko kyamara ta bi bango a hankali. Ƙanwata, ki zana labarin a ƙananan akwatuna, ki jera su a kan sauti ki kalla da agogo. A nan za ki ga inda ake bukatar motsi na gaske. Ki zaɓi wurare uku ko huɗu, jimillarsu kada ta wuce daƙiƙa 40, ki zuba ƙarfinki a nan. Sauran a tsayar da jiki, a motsa ido, baki da hannu ɗaya. In malaminki zai yarda a rage fim ɗin zuwa minti ɗaya da rabi, ki karɓa hannu bibbiyu.

Sannan kafin ki kafe a kan siffarta, ki cika ta da baƙi gaba ɗaya ki ƙanƙantar da ita kamar tambarin manhaja a jawwal, wato wayar hannu. In ba a gane yarinya ce mai mayafi ba, ko ba a bambanta ta da ƙawarta ba, siffar ba ta yi ba. Wannan ya fi damun mu a nan, saboda tob fari, doguwar rigar maza, da abaya baƙa suna mayar da kowa siffa ɗaya. Sai a nemi bambanci a tsawo, faɗin kafaɗa, yadda aka ɗora shimag, ƙyallen kan maza, ko hula, tsayuwa, da abin da mutum ke riƙe da shi.

Ɗan Misfala:
Bari in koma kan ƙafar da ke sulɓi, ba wanda ya taɓa ta. Taku ɗaya yana da matsayi huɗu. Na farko, diddigen gaba ya taɓa ƙasa, ƙafafu a buɗe. Na biyu, nauyi ya sauka a kan ƙafar gaba, gwiwa ta lanƙwashe, a nan jiki ya fi yin ƙasa. Na uku, ƙafar baya ta zo wucewa ta gefen wadda ke tsaye. Na huɗu, an ɗaga a kan yatsu, a nan jiki ya fi yin sama. Sai diddige ya sake taɓawa da ɗaya ƙafar.

Tafiyar yau da kullum taku ɗaya firem 12 ne: 1, 4, 7, 10, sai 13. Amma tunda bibbiyu kike tafiya, 4 da 10 ba za su faɗo miki daidai ba. Ki fara da taku mai firem 16: 1, 5, 9, 13, 17. Tafiya ce ta nutsuwa, kuma rabonta yana da sauƙi, zane ɗaya ne tsakanin kowane biyu. In kin ƙware sai ki matse.

Sulɓin kuwa dalilinsa ɗaya ne. Ƙafar da ke ƙasa ba ta da izinin motsi. In yarinyar ce ke ratsa allo, ki sa alama a ƙasa inda diddige ya sauka, ya zauna a nan har a ɗaga shi. In a wuri ɗaya take takawa bango ke wucewa, to ƙafar ƙasa tana ja baya da tazara iri ɗaya a kowane zane, kuma bangon ya yi gudu daidai da ita. Misali ƙafar ta ja baya fiksel 240, wato ɗigon allo 240, a firem 16, fiksel 15 ke nan kowane firem, 30 kowane zane. Bango ma 15. Akwai wani tarko: in bango yana motsi kowane firem ita kuma tana sauyawa kowane firem biyu, ƙafar za ta riƙa rawa ko da lissafin daidai ne. Ko duka su tafi bibbiyu, ko ki cike mata zane ɗaiɗai a wannan wurin.

Hannu kuma saɓanin ƙafa yake, ƙafar dama gaba, hannun hagu gaba. Ana mantawa da wannan fiye da yadda ake zato.

'Yar Jidda:
Yaya, ai zaninta ya sauka har idon sawu, ƙafar ba ta fitowa sosai. Shi ya sa nake zana zanin kawai da tafin ƙafa a ƙasa.

Ɗan Misfala:
Shi ya sa take sulɓi. Ki zana ƙafafun duka biyu tun daga ƙugu da shuɗin layi, tafiyar ta yi kyau ba tufafi, sannan ki ɗora zani a leya ta sama. Gwiwa ce ke tura zani gaba, diddige ke jan shi baya. In ba ki san inda gwiwa take ba, ba ki san inda ninki zai fito ba. Haka tob, haka jallabiya, haka babbar riga. Mayafi kuma a ƙarshe ake yin sa, yana makara da firem biyu zuwa huɗu a bayan jiki. Ta tsaya, shi ya wuce kaɗan, ya dawo ya kwanta.

Kawun Madina:
'Yata, duk wannan gyaran fim ɗin ne. Gyaran hannu kuma daban. Ki sayi littafin zane mafi araha a Jarir ko kowace maktaba, wato kantin littattafai, wanda ba za ki ji tausayin ɓata shi ba, da biro, don kada ki samu damar gogewa. Kullum minti 20: mutum goma a daƙiƙa 30 kowanne, biyar a minti ɗaya, sauran lokacin a minti bibbiyu. Ba fuska, ba yatsu. Layin baya, karkatar kafaɗa, karkatar ƙugu, da ƙafar da ke ɗauke da nauyi. Kornish, bakin tekun Jidda, da yamma cike yake da yara masu gudu da tsofaffi masu tafiya a hankali. Da ido da biro za ki ɗauka, kada ki ɗaga jawwal ki ɗauki hoton mutane ba izininsu, kin san ba a wasa da wannan a ƙasar nan. In bidiyon kwaikwayo kike so, ki sa ƙanwarki ta ɗaura zani ta yi tafiya a falo, kyamara a gefe daidai ƙugu.

Bango kuma ba ki da uzuri, kina Jidda. Gidajen Balad, tsohon garin Jidda, da tagoginsu na katako masu fitowa waje, waɗanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2014, makarantar koyon zurfin hoto ce kyauta. Sai dai ki kiyaye: layin idon bango da na jaruma ɗaya ne. In kin zana lungu kamar kina kallonsa daga bene, ita kuma kin zana ta kamar kuna tsaye tare, za ta yi kamar an liƙa ta.

Baban Ikama:
Ku yi haƙuri in sa baki. Ba wanda ya yi maganar hukuncin zana mai rai.

Kawun Madina:
Tambaya ce mai muhimmanci Alhaji, kuma malamai sun yi magana a kai da saɓani, musamman kan abin da aka yi don yara da karantarwa. A zauren nan babu mai fatawa. Ita da iyayenta su tambayi malamin da suka amince da iliminsa. Mu abin da muka sani shi muke faɗa.

Anti Mai Launi:
Saura launi, kuma a nan ɗalibanmu suka fi faɗuwa, saboda yawancin darussan intanet da farar fata ake misali. Baƙar fata ba a yi mata inuwa da baƙi, sai ta koma toka. Ki zaɓi ruwan ƙasa mai ɗan ja a matsayin tushe. Inuwa ki yi ta a leya daban a yanayin maltifilai, mai duhunta launin da ke ƙasansa, da shunayya ko jan garura mai duhu, ƙarfinta kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari. Haske kaɗan a goshi, karan hanci da kunci. Layin fuska kuma in baƙi ne a kan fata mai duhu, hanci da baki suna ɓacewa daga nesa. Ko ki ɗan haskaka tushen, ko ki ƙara kaurin layin baki, ko ki bar farin ido da haƙora su ɗauki yanayin fuska. Ki mayar da hoton baƙi da fari ki duba, in fuska da mayafi da bango sun zama duhu ɗaya, ɗaya daga ciki sai ya sauya.

Launin yarinyar gaba ɗaya kada ya wuce shida, kowanne da inuwarsa ɗaya. Ki ɗiga su a gefen takardar awo ki riƙa tsotsa daga nan, ba daga zanen baya ba. Zubin launi a leya ta ƙasan layi ake yi, kuma ki sa bokitin zuba launi ya faɗaɗa da fiksel 1 ko 2, in ba haka ba wani farin zare zai zagaye kowane layi. In launi ya malale ya cika allo, layin ne bai rufe ba, yawanci a wuya ko hammata.

Abu Sikirin:
Tunda an ƙi ƙasusuwana, bari in taimaka da laftof. Hoto ɗaya mai 1920 da 1080 yana cin kusan megabait 8 in ya cika leya. Ki ninka da yawan zane da yawan leya, za ki ga dalilin da ram 8 ke shaƙewa. Kada ki sa fim ɗin duka a fayil ɗaya. Kowane yanki fayil ɗinsa, daƙiƙa 3 zuwa 6, da lamba a sunansa. Ki fitar da kowanne a jerin hotunan PNG, ba bidiyo kai tsaye ba, don in ya tsaya a hoto na 50 daga nan za ki ci gaba, kuma bayan jarumar zai fito fayau a ɗora ta a kan bango. Haɗawa a manhajar tace bidiyo, Kdenlive ko DaVinci Resolve. Ki tabbata can ma 24 kika sa, in kika bar shi a 30 lokacin da kika sha wahalar lissafawa ya lalace.

In wani ya ce ki koma Clip Studio Paint, ki sani ƙaramin nau'insa na Pro firem 24 kawai yake bari a motsa, sai EX ne ba iyaka. Kuma laftof a kan katifa cikin zafin nan rage gudu yake yi da kansa. Tebur, a ɗaga bayansa, kusa da mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki. Kwafi biyu kowane dare, ɗaya a filashi ɗaya a intanet.

'Yar Jidda:
Allah ya saka da alheri. Tambaya ta ƙarshe: yarinyar tana magana da Hausa, fassarar Larabci a ƙasa. Bakin nake zanawa tukuna ko murya?

Malam Mai Tawada:
Murya tukuna, kullum. A ɗauka a ɗaki mai labule da kafet, a kashe mukayyif na ɗan lokacin, a ajiye a 48 kilohaz. Ki shigo da ita Krita ki ja a hankali kina rubuta firem ɗin da kowace gaɓa ta faɗo. Siffar baki shida zuwa takwas ta isa: rufe, buɗe sosai, buɗe kaɗan, shimfiɗe, zagaye, tsuke. Ba kowane harafi ake zanawa ba. Abin da ido ke kamawa shi ne rufewar leɓe a b, ɓ da m, ki ba kowacce aƙalla firem biyu, da kuma wasali mai tsawo. Jadawalin baki da za ki samu a intanet yana nuna f da haƙoran sama a kan leɓen ƙasa. Bahaushe da yawa ba haka yake furta ta ba, leɓɓa biyu ne ke matsowa kusa. Ki dubi mai muryar ki zana abin da kika gani. Kw, gw da ƙw kuma bakin yana zagayewa tun kafin sautin ya fito. In kin kalla kin ga kamar baki yana makara, ki jawo shi gaba da firem ɗaya ko biyu.

Anti Mai Launi:
Rubutun ma ki gwada shi tun yanzu, ba daren miƙa aiki ba. Nau'in rubutu da yawa ba su da ƙ, ɗ da ɓ, sai ki ga akwati a wurinsu. Noto Sans da Andika suna da su. Larabci kuma wasu manhajojin suna tsinka haruffansa ko su juya shi baya. In haka ta faru ki rubuta a Inkscape ki fitar da shi hoto marar bango.

Kuma ki adana takardar awo, zanen akwatuna da tafiyar shuɗin layi, kada ki goge su don fim ya fito. Tun da aka sake buɗe sinima a 2018 harkar nan ta motsa a Saudiyya. Manga Productions da ke ƙarƙashin gidauniyar Misk ta yi dogon fim tare da Toei ta Japan a 2021, a shekarar kuma aka fara bikin fina-finai na Red Sea a nan Jidda. Duk inda za ki nemi horo, matakan aikin suke son gani tare da sakamakon. Ki dai karanta sharuɗɗa da kyau kafin ki cike, wasu shirye-shiryen na 'yan ƙasa ne kaɗai.

Ɗan Misfala:
Wannan makon kada ki taɓa fim ɗin. Asabar da Lahadi takardar awo. Litinin ƙwallo mai tsalle a daƙiƙa biyu, zanuka su matsu a sama su buɗe wajen saukowa, in ta baje a ƙasa faɗinta ya ƙaru daidai yadda tsawonta ya ragu. Talata zuwa Alhamis taku biyu mai firem 16 kowanne, shuɗin layi, ba zani, ba fuska, ba launi. Ki turo shi nan da lambar firem a kusurwar allo, don in an ce gwiwa ta karye a na 9 ki san wanda ake nufi.